Koma Baya Daban, Karaya Daban

Wata ɗaliba mai koyon Turanci ta aiko da tambaya: "Malam, a labarai ina jin recession, wani lokaci kuma depression, amma da Hausa duk sai a ce tattalin arziki ya karye. Ko dai ba cinya ba ce, ƙafar baya?"

A'a, 'yata, a nan kam akwai bambanci. Recession shi ne koma bayan tattalin arziki. Ma'aunin da aka fi sabawa da shi: a duba jimillar kaya da ayyukan da ƙasa ta samar, in ta ragu a zangon wata uku, ta sake raguwa a zangon da ke biye, to an koma baya. Masana'antu su rage aiki, a sallami ma'aikata, mai saye ya riƙe kuɗinsa. Wanda ya koma baya dai yana kan ƙafafunsa, yana iya juyowa. Haka aka gani a 2020 lokacin korona: tattalin arzikin duniya ya ragu da kusan kashi 3 cikin ɗari, shekara na zagayowa ya fara farfaɗowa.

Karaya kuwa kalma ce mai nauyi. Ƙashi ne ke karyewa, sai an yi ɗori, an daɗe ana jinya. Tun tuni Bahaushe ke cewa wane ya yi karayar arziki, wato jari ya ƙare, bashi ya yi masa katutu. Wannan ita ta dace da depression. Misalinta shi ne abin da ya biyo bayan faɗuwar kasuwar hannayen jari ta New York a watan Oktoba na 1929. Zuwa 1933, kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata a Amurka ba shi da abin yi, dubban bankuna sun rufe, kuma an shafe shekaru kusan goma kafin a miƙe. Ni dai ba na jin daɗin yadda wasu masu fassara ke rabon "karaya" ga kowane ɗan tangal-tangal. In an ɓarnatar da babbar kalma a kan ƙaramin abu, ranar da babban ya zo da me za a kira shi? Ki kuma lura, depression ɗin nan a bakin likita ciwon damuwa take nufi.

Wani kuma ya ce: "Tsadar kaya ita ce koma bayan?"

Ba ita ba ce, ɗan'uwa. Abin da kake nufi hauhawar farashi ne, inflation ke nan. Sau da yawa ma in an koma baya farashi kan lafa, don masu saye sun yi ƙaranci. Amma akan haɗa biyun, kamar yadda ya faru a ƙasashen Yamma bayan takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka saka a 1973: kaya na tashi, aiki na ƙarewa. Turawa na kiran wannan hali stagflation. Karin maganarsa a wurinmu shi ne "gaba kura, baya sayaki", domin in babban banki ya ƙara kuɗin ruwa don ya danne farashi, sai rance ya gagara, kasuwanci ya ƙara tsayawa. In ya rage don a samu aiki, farashi ya sake tashi.