Gane furen karya ruwa-biyu ta gwajin DNA

Malam, ka tambaya ko gwajin DNA zai nuna maka furen karyar (shukar Adenium) da ka saya a Maradi ruwa-biyu ne, wato haɗin iri biyu. Zai nuna, amma ba kowane gwaji ba.

Alamomin rbcL da matK, wato wasu sassan DNA da ake dubawa, suna taimakawa wajen gane jinsi, sai dai a yawancin furanni daga uwa kaɗai ake gadonsu, uban ba ya fitowa. Gane ruwa-biyu sai da alamomin ITS ko SSR, waɗanda ake gado daga uwa da uba, a kwatanta da ganyen iyayen biyu.

Inda ake yawan kuskure: mai aure daban, ruwa-biyu daban. In an yi masa aure, gindi da kai ba jini ɗaya ba ne, don haka tsinki ɗanyen ganyen reshen da ke fure, ka busar da shi a inuwa cikin ambulan. Kada ka ɗaure a leda, ruɓewa zai yi.

Kafin ka kashe jika ko ɗaya, tuntuɓi malaman noma na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, su nuna maka inda ake gwajin.