Matakin miƙe ƙafa a babur kuruza: ku auna kafin ku tura kuɗi

Tambayoyin da suka taru wannan satin kusan duk a kan abu ɗaya ne, wato ɗan ƙarfen nan da ake ɗaurawa a gaban manyan babura irin kuruza, masu ƙasa-ƙasan mazauni da ake doguwar tafiya da su, don mutum ya miƙe ƙafa in tafiya tayi nisa. 'Yan babur na ce masa haiwe feg, ni dai mataki zan riƙa cewa. Na ɗauki guda biyar, sauran kuyi haƙuri amsarku na ciki.

Tambaya daga Kaduna: Salam. Ina da Yamaha Dragstar 650 ɗan Beljiyam, duk ƙarshen wata ina zuwa Kano da shi. Kafin in kai Zariya gwiwa ta fara ciwo, in na wuce Tashar Yari kam ƙafar dama sagewa take. Naga matakin a intanet amma wani an rubuta inci 1, wani 1¼, wani 1½, kaina ya ɗaure. Wanne zan saya?

Wa'alaikassalam ɗan'uwa. Lambobin nan da suka ɗaure maka kai ba girman matakin bane, kaurin ƙarfen da za'a maƙala shi ne. Galibi ana ɗaura shi a jikin ƙarfen kariya, bututun nan da ya zagayo gaban inji don in babur ya faɗi kada inji da ƙafarka su sha ƙasa. To shi bututun kala-kala ne, akwai mai inci 1 wato milimita 25, akwai 1¼ kusan milimita 32 wanda shine yafi yawa a manyan kuruza, akwai 1½ milimita 38, ƙananan babura kuma wani lokacin zaka samu milimita 22. Kuma kada kace ai Dragstar ne bari in duba me aka rubuta a kan Dragstar, babur ɗan Beljiyam baka san hannu nawa ya bi ba kafin ya zo gunka, ƙila wanda ya hau shi a can ya cire ƙarfen ya sa na wani kamfani. Wanda ke tsakar gidanka shi zaka auna.

In baka da abin awon makanikai, ari tef ɗin tela wajen uwargida ko telan unguwa ka zagaya bututun sau ɗaya. In ya baka kusan santimita 8 to inci 1 ne, in 10 ne 1¼, in 12 ne 1½, in kuma 7 ne to ɗan siririn ne na milimita 22. Ka auna daidai inda zaka ɗaura, kuma ya zama wurin da ƙarfen yake a miƙe, domin mariƙin, wato abin da ke damƙe matakin a jikin bututun, baya zama daram a kan lanƙwasa.

Ni na taɓa wannan gangancin shi yasa nake nanatawa. Nayi odar mai 1¼ alhali ƙarfena inci 1 ne, kaya suka iso bayan na gama jira, naji ƙyashin mayarwa, sai muka yanko robar tsohon tub muka naɗa a ciki muka ɗaure tamau. A gareji kam kamar da shi aka ƙero babur ɗin. Ranar da na fita rana ta take, ga zafin inji yana dukan wurin, robar tayi laushi ban sani ba, ina ɗora ƙafa na saki jiki kenan sai matakin ya juye ƙasa, diddigena ya kusa shafar kwalta ina cikin gudu. Allah ne ya tsare amma sai da na sauka gefen titi na zauna a kan dutse zuciyata na dukan uku-uku. Akwai mariƙin da ke zuwa da zoben ƙarfe a ciki wanda kamfani da kansa yayi don rage faɗi, shi ba laifi. Roba da gwangwanin madara kuwa a'a.

Awo na biyu wanda yawanci ba'a yi shine na ƙafarka. Samu wani ƙaƙƙarfa ya riƙe maka babur a tsaye cak, ka hau ka zauna yadda kake zama in kana tuƙi, hannu riƙe da kan babur, sai ka miƙa ƙafa gaba har inda kaji daɗi amma gwiwa da ɗan lanƙwasa, wani kuma ya sa alli a inda tafin ƙafar ya tsaya. In ya faɗo kan ƙarfen shikenan, ka sayi gajeren mariƙi. In bai kai ba ko ya wuce, sai ka nemi mai ɗan hannu wanda ake juyawa gaba ko baya ko sama. Kada ka bari ƙafa ta miƙe sambal, don gwiwa ita ke shanye bugun rami, in ka miƙar da ita duk ramin da ka faɗa kai tsaye ƙugunka zai karɓa, ka je neman sauƙin gwiwa ka dawo da ciwon baya. Bayan ka ɗaura ka juya kan babur har ƙarshe dama da hagu ka tabbata babu abinda ke taɓawa, ka taka birki ka sa giya ka ga basu gogar matakin.

Sannan Kaduna zuwa Kano fiye da kilomita 200 ne fa, tsayawa a Zariya ka sha ruwa ka ɗan taka ƙasa ba gazawa bace.

Tambaya daga Damagaram: Nawa Honda Shadow 750 ne kuma bashi da ƙarfen kariya sam. Mai walda yace in kawo zai liƙa min mataki a jikin firam. In bari?

Kada ka bari. Firam shine ƙashin babur, ba'a kai masa wuta haka kawai, zafin walda na iya raunana wurin kuma tsagewar ba ranar zata fito ba, sai can wata rana. Ga shi in an liƙa an liƙa kenan, in wurin bai yi maka ba babu matsarwa. Ƙari kuma Shadow 750 da ruwa yake sanyaya inji, lagiretonsa na nan a gaba tsakanin ƙarafan firam guda biyu, wurin a matse yake, ko mariƙin da ake ɗaurewa da noti sai kayi hankali balle walda.

Fara sayen ƙarfen kariya, dama ya fi matakin amfani nesa ba kusa ba. Amma ka duba takardun babur ka san wane Shadow ne da shekararsa, akwai Aero akwai Spirit akwai Phantom akwai ACE, duk 750 ake ce musu amma ba lallai ƙarfen wannan ya hau wancan ba. Akwai kamfani Lindby a Amurka da ke yin ƙarfen kariya mai haɗe da wurin ɗora ƙafa, jifa ɗaya tsuntsu biyu, illarsa dai inda suka sa nan zaka ɗora ko ya maka ko bai maka ba. In kuɗin oda yayi yawa mai waldar naka zai iya lanƙwasa maka ƙarfen a gefe a ɗaura da noti a ramukan da ke jikin firam, da sharaɗin ya sa bututu mai kauri, ba irin na kujerar biki ba wanda kana matse mariƙi zai lotsa, kuma ya zaɓi milimita 25 ko 32 don ka samu matakin da zai hau.

Tambaya daga Abuja: Ina da Harley-Davidson Road King, ni kuma ba dogo bane. Abokina ya sa a nasa na hau naji ƙafata bata kaiwa. Ko in haƙura?

Ranka ya daɗe ba sai ka haƙura ba, naka ma yafi na kowa sauƙi. Ƙarfen kariyar da Harley ke sawa a manyan baburansu na doguwar tafiya inci 1¼ ne, kuma kusan duk mai ƙera irin kayan nan da su yake fara lissafi. Abinda kake buƙata mariƙi mai dogon hannu, a juyo shi baya wajenka. Abokin naka ƙila gajere ya sa ko ya tura shi gaba saboda shi zanƙalele ne.

Ka lura da ɓangaren dama, murfin matatar iska yana nan ya turo daidai gwiwa, in aka matso da matakin ciki sosai ƙafarka zata riƙa gogarsa, gara a ɗan buɗa shi waje. Ka kuma duba kada ya sauko ya tare fedar birki, tunda Road King faranti ne da shi a wurin taka ƙafa kuma fedar babba ce. Wajen oda ka karanta da kyau, sau da yawa mariƙi daban ake sayarwa matakin daban, mutum ya biya yana murna kwali ya iso rabin kaya. Sai maganar sifana, yawancin notin Harley da kayan da ake masa a Amurka awon inci ne, makanikanmu kuma na milimita ne a akwatinsu, alanki ya shiga kamar ya kama sai ya cinye kan notin. Ka sayi saitin inci naka na kanka ka riƙa tafiya da shi gareji.

Tambaya daga Kano: Naga matakin kamfanin Kuryakyn da tsada, naga wani marar suna kamarsa sak a hoto kuɗinsa ko rabi bai kai ba. Ba duk ƙarfe bane?

A hoto kam duk ƙarfe ne. Bambancin yana cikin abinda aka zuba, da yawa daga masu arahar wani gautsin ƙarfe ne aka yi wa wankan ƙyalli, baya lanƙwasa, karyewa yake ɓas, kuma haƙoran da ke riƙe hannun a inda ka saita su kan cinye. Ba nace duk mai araha jabu bane, ni kaina na ga waɗanda suka yi shekaru. In zaka saya ka ɗaga kaji nauyi, ka duba yana naɗewa sama in ba'a amfani da shi, ka tabbata akwai roba a inda ake takawa don zallar ƙyalli santsi yake in ruwa ya taɓa shi. In notin da ya zo da shi yayi maka kama da na wasan yara ka canza. Ka ɗiga masa maganin hana noti kwancewa, Loctite shuɗi, banda ja don shi ja sai da wuta yake kwantuwa. Bayan fita ta farko ka sake bi da sifana, injin nan mai silinda biyu jijjiga gare shi.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Jos: Maigidana ya sa wannan abin, in na ganshi ya baje ƙafa a kan babur gabana faɗuwa yake. Ba haɗari?

Hajiya tsoronki na da tushe. In ƙafa na kan matakin ta bar birkin baya ta bar giya, kafin ya dawo da ita an ci ɗan lokaci, mai gudun kilomita 100 a awa kuwa duk daƙiƙa ɗaya yana shafe kusan mita 28. Birkin gaba na hannunsa kuma shi ke yin mafi yawan aikin, amma kuruza doguwa ce mai nauyi a baya, birkin ƙafa na taimakawa sosai wajen tsayar da ita. Shi yasa matakin na buɗaɗɗiyar hanya ne inda mutum ke hangen nesa. Cikin gari, kusa da kasuwar ƙauye, shingen jami'ai, tudun rage gudu, inda shanu ko awaki ke gefen titi, ko gangara mai kwana irin ta Hawan Kibo, ƙafa ta koma mazauninta. Kwanar ma akwai wani abu, kuruza bata da tsayi daga ƙasa, in an ɗaura matakin ƙasa-ƙasa shi zai fara kartar kwalta in ya kwanta, to ki ce ya duba ƙasan nasa ko akwai alamar gogewa, in akwai a ɗaga shi sama.

Ki kuma sa ido a kan kayan da yake fita da su. Wando mai faɗin ƙafa ko bakin doguwar riga na iya sarƙewa a matakin daidai lokacin da zai sauke ƙafa a danja, babur mai nauyin fiye da kilo 200 kuma in ya fara karkata ba'a tare shi da ƙafa ɗaya a sarƙe. Silifas da takalmi sau-ciki ma iska na zare su. Ranar tafiya ki miƙa masa takalmi mai rufe idon sawu, ya cusa bakin wandon a ciki kafin ya tada babur.