Ƙanwata na shan maganin ƙwaƙwalwa, al'adarta ta ɗauke

Tambaya: Likita, ƙanwata budurwa ce. A asibiti aka ce tana da sikizofiriniya, aka ɗora ta kan risperidone. Ta daina jin muryoyi, amma wata huɗu ke nan ba ta ga al'ada ba, ga ruwan nono yana jiƙa mata riga. An fara tsegumi a gari, Inna ta ce a ajiye maganin. Daga wani ƙauye a Roni, Jigawa.

Amsa: 'Yar'uwa, ki ba Inna haƙuri, kada a ajiye shi. Yanke maganin nan farat ɗaya yakan dawo da ciwon.

Ɗaukewar al'ada da zubar nonon nan sanannen aikin maganin ne. Yana toshe wa sinadarin dofamin hanya a ƙwaƙwalwa, shi ya sa muryoyin suka lafa. To, dofamin ɗin nan kuma shi ne linzamin wani homon, firolaktin, wanda ƙwayar fituwitari ke fitarwa daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa don mai jego ta samu nono. Da aka sassauta linzamin sai firolaktin ya hau, jiki ya ɗauka shayarwa ake yi: nono ya kawo, al'ada ta ɗauke, ko da mace ba ta taɓa sanin namiji ba. Maza ma yana taɓa su, sha'awa ta ragu, wasu ƙirji ya ɗan tasa, sai dai kunya kan hana su faɗa.

Sababbin magungunan wannan ciwo suna toshe wani sinadarin ƙwaƙwalwa, sirotonin, shi ma, abin da ya sa ba su cika kawo sandarewar jiki da karkarwa kamar tsohon maganin nan haloperidol ba. Amma risperidone, duk da sabo ne, yana cikin waɗanda suka fi ɗaga firolaktin. Olanzapine da clozapine ba su kai shi ba a nan, nasu laifin buɗe ciki ne da ƙiba da hawan sukari.

Ku koma wurin likitanta, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau. Za a fara da gwajin ciki, kada ranku ya ɓaci, ka'ida ce ga kowace mace, kuma takardar za ta rufe bakin masu magana. Sannan a auna firolaktin a jini. Likita zai iya rage maganin a hankali, ko ya sauya zuwa aripiprazole, wanda yakan saukar da firolaktin ɗin. Kada a bar abin ya daɗe, domin ɗaukewar al'ada na tsawon lokaci yana raunana ƙashi. Ta kuma daina matsa nonon don dubawa, matsawar na ƙara kawo shi.