Amsa: Yaya zan jera littattafaina?

'Yar'uwa, kin ce kin kasa littattafanki gida-gida, labari, tarihi, kimiyya, amma idan kin zo ɗauka sai ki rasa wanda za ki karanta. Ni ma na sha fama da wannan.

Irin wannan rabon na laburare ne. Tsarin Dewey na 1876 ya kasa ilimi gida 10 don baƙo ya gano littafi cikin dubbai. Ke kuwa kin san naki, abin da kike nema shi ne wanda ya dace da buƙatarki a lokacin.

Ni sai na koma tambayar kaina, me nake so da littafin nan? Akwai wanda nake karantawa da biro a hannu, ina ja masa layi, shafi 5 ma ya ishe ni a zama ɗaya. Akwai na bakin gado, na sauke gajiya. Akwai na dubawa kawai, irin ƙamus. Tun da na ware waɗannan na daina jin nauyin rashin gama su.

Kuma littafi yakan sauya gida. Wani na tarihi da nake da shi, bara na hutu ne, bana nazarinsa nake yi, har gefen shafukansa ya cika da rubutuna.