Sa tayil a kan daben tsakar gida

Malam, ka ce ko za a iya ɗora tayil kan kankaren tsakar gida ba tare da an fasa shi ba? Eh ana yi, amma in sabon zubi ne a bari ya yi kwana 28 tukuna. Fara watsa ruwa ka gani, in yana kwanciya to sai an gyara gangara, kamar santimita 2 a kowace mita zuwa bakin kwata, in kuma daben ya tsage a toshe don tsagar za ta biyo tayil ɗin. Sayi tayil irin wanda ake kira porcelain, mai kaushi, mai sheƙin nan na falo santsi gare shi da damina, sai ya ka da mutum wallahi. Mai aikin ya sa gam ɗin tayil na waje ba zallar siminti ba, ya bar tazarar milimita 3 zuwa 5 tsakani saboda zafin rana na buɗa shi.