Amsa ga Malama kan gasar ƙwallon ƙafa ta mata ta rukuni na biyu

Malama, abin da kika bayyana, cewa kina da 'yan mata masu hazaƙa a Magarya amma da zarar sun wuce shekarun wasannin makarantu sai su rasa inda za su buga, kuma kina son sanin ko gasar ƙasa ta rukuni na biyu za ta iya riƙe su, shi ne ciwon da na daɗe ina fama da shi a nan Damagaram. Ra'ayina shi ne za ta iya, amma da sharaɗin a tsara ta shiyya-shiyya, kuma kuɗin tafiya su kasance a hannu kafin a busa usur na farko.

Daga nan zuwa Yamai tafiya ce ta kusan kilomita 900, alhali Kano ba ta kai mana kilomita 300 ba. Ƙungiyoyin jami'an tsaro irin su AS Police da AS GNN, waɗanda suka wakilci Nijar a wasannin share fage na gasar zakarun mata ta Afirka da hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta fara a 2021, suna da hukuma a bayansu, mu kuwa ba mu da kowa sai Allah da aljihunmu. Idan aka haɗa Damagaram da Maraɗi da Difa a shiyya guda, aka haɗa Tawa da Agadas a wata, sannan zakaru kaɗai su haɗu a Yamai, ƙaramar ƙungiya za ta iya numfashi.

Ina faɗin haka ne saboda abin da ya same ni. Akwai wani mai hali da ya zo filin atisayenmu da kansa, ya tsaya gaban yara ya yi alkawarin ɗaukar nauyin mota da abinci da masauki zuwa wata gasa da aka gayyace mu. A kan maganarsa na bi gida-gida, daga Birni zuwa Garin Malam, ina durƙusawa gaban iyaye, ina rantsuwa cewa zan kai 'ya'yansu in dawo da su cikin mutunci. Wata uwa ta sayar da akuyarta ta saya wa ɗiyarta takalmin ƙwallo. Ranar tafiya muka taru a tasha tun kafin sallar asuba, kowace yarinya da jakarta, na kira shi bai ɗauka ba, na sake kira wayar a kashe. Na aika gidansa aka ce ya yi tafiya. Muna zaune har rana ta take, mota ta tashi a gabanmu, yara suna kallona ba wadda ta ce uffan, kuma wallahi da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne daga baya na haɗu da shi a wajen wani ɗaurin aure, ya gaishe ni da fara'a kamar babu abin da ya faru, har yana tambayata ya yaran. Bayan wannan rana iyaye da dama sun janye 'ya'yansu, kuma ban ga laifinsu ba, domin amanar da suka ba ni ce aka wulaƙanta. Mai tsaron gidanmu, wadda ban taɓa ganin irinta ba, ba ta sake sa safar hannu ba.

Saboda haka, 'yar'uwa, kada ki nemi izinin iyaye a kan alkawarin baki. Ko jika nawa aka ce za a ba ki, sai kin gan su. Sannan ki nema wa kowace yarinya takardar haihuwa, ki bi ta reshen jiha na FENIFOOT, wato hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, a yi mata lasisi da sunan ƙungiyarki, domin wadda ba ta da rajista kowa zai iya ɗauke ta ba tare da ya ko gaishe ki ba.

Dubi Maroko. A 2020 hukumar ƙwallonsu ta mai da rukuni na ɗaya da na biyu na mata gasar ƙwararru, ta ɗauki nauyin albashin 'yan wasa, kuma a 2022 suka kai wasan ƙarshe na kofin Afirka, a 2023 suka tsallake zagayen farko a kofin duniya. Najeriya ma tana da gasar mata ta rukuni na biyu, NWFL Championship, a ƙarƙashin ta rukuni na ɗaya, Premiership, inda ƙungiya ke hawa da guminta. Ba na tsammanin za mu samu kuɗin Maroko, amma ya kamata mu riƙa tambaya da babbar murya nawa ne ke isowa jihohi daga tallafin FIFA Forward, shirin hukumar ƙwallon duniya na raya ƙwallo, domin ƙwallon mata.

Batun sutura kuma kada ki yi wasa da shi, shi ne tambayar farko da uba zai yi miki. Tun 2014 dokokin ƙwallo suka amince da rufe kai, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya da hijabinta. Hotonta ya buɗe mini ƙofofin da bakina ya kasa buɗewa. Ki sa dogon wando a cikin kayan wasa, ki nemi dattijuwa ɗaya daga cikin iyaye ta riƙa bin ku duk tafiya, ki dakatar da atisaye idan jarrabawar BEPC ta gabato. Idan kin shirya, ki sanar da ni a nan mu fara da wasan sada zumunci tsakanin yaranki da ragowar nawa, mu za mu zo Magarya.