Daga ina ƙaramin gari zai samo kuɗin gina gidaje masu sauƙi?

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. Ina cikin kwamitin ci gaban garinmu, wani ƙaramin gari kusa da Garwa, a Kamaru. Kuɗin haya ya hau, samari sun kasa aure saboda rashin ɗaki, tsohuwar unguwar Hausawa kuma tana ta rushewa, masu kuɗi na saye suna gina shaguna. Ina za mu samo kuɗin gina gidaje masu sauƙi ba tare da mun rasa unguwar ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka muku da alheri. Tun da kuɗi ka tambaya, bari in fara da su, amma a ganina fili ne kan gaba.

A Kamaru akwai ƙofofin da aka tanada. FEICOM, wanda aka kafa a 1974, shi ne tamkar bankin ƙananan hukumomi. Crédit Foncier, bankin ba da bashin gina gidaje da aka kafa a 1977, yana tara kuɗinsa ne daga albashi: ana cire kashi 1 cikin 100 daga ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya zuba kashi 1.5. A 2013 su biyun suka haɗa hannu, aka ware sefa biliyan 10 don ƙananan hukumomi su ci bashi su gina rukunin gidaje. To amma kwamiti ba zai iya ƙwanƙwasa wannan ƙofa da kansa ba, sai magajin gari, wato shugaban ƙaramar hukuma, bayan majalisar kansiloli ta amince. Ke nan aikinku shi ne ku matsa a sa maganar cikin tsarin ci gaban ƙaramar hukumar da kasafinta na shekara.

Sai dai kada ku ɗora buri mai yawa a kai. Bashi ne, kuma da kuɗin haya ake biyansa, don haka wanda zai shiga gidan shi ne mai albashi: malamin makaranta, nas, jandarma. Ɗan acaɓa da mai shayi ba za su samu ba. Amfaninsa gare su kawai, idan ma'aikata suka koma can, ɗakunan cikin gari za su ɗan yi sauƙi. Ga kuma maganar kuɗin ruwa, wadda ke hana mutanenmu da dama zuwa banki tun farko.

Yanzu ga fili. Dokar ƙasa ta 1974 ta ɗauki duk filin da ba shi da takardar mallaka, wato titir fonsiye, a matsayin filin ƙasa, ko da lamido ko jauro, wato sarki ko dagaci, ne ya bai wa kakanninku. Yawancin gidajen tsofaffin unguwanni ba su da takardar, kuma gado ya bi ta kansu sau biyu ko uku ba a raba ba. Nan ɓarakar take: magaji ɗaya ya matsu, mai kuɗi ya taya, gida ya tafi. Amma wannan dokar ta ba da dama ga wanda ke zaune a fili tun kafin 5 ga Agusta 1974, ko magadansa, ya nemi takarda kai tsaye, kuma sarkin gari da dattawansa biyu suna cikin kwamitin da ke zuwa duba filin. Ku tattara gidajen unguwar ku nema a lokaci guda, ku raba kuɗin mai awo. Gidan da ya zama kango kuma magada sun watse, a roƙe su su mai da shi wakafi, hayarsa ta riƙa gyara zaure da masallacin unguwa.

Ga samari kuwa, abin da ya fi araha shi ne ƙaramar hukuma ta nemi fili a bayan gari, ta yanka fuloti, ta fitar da hanya da magudanar ruwa da rijiyar burtsatse, ta sayar a biya kaɗan-kaɗan, da sharaɗin ba za a sayar wa wani ba sai bayan wasu shekaru. In babu wannan sharaɗi, 'yan kasuwa za su kwashe fulotan kafin damina. A guji kwari: ambaliyar 2012 a bakin Binuwai ta isa darasi.

Ginin kansa bai kamata ya jira siminti ba, duk da masana'antar siminti ta garin Figil na kusa da ku. Harsashi na dutse da siminti, bango na bulon ƙasa, rufin kwano mai baki da ya zarce bango, sai yaɓe mai kyau. Ya fi ginin siminti sanyi a zafin watan Afrilu, kuma gayya na iya buga bulon. Kwano da ƙofa su ne ke cin kuɗi, a nan adashe zai shigo: wanda ya ɗauka a ba shi bandir ɗin kwano, kada a ba shi kuɗi a hannu. Ku kuma nemi majalisa ta ware wani kaso daga kuɗin rumfunan kasuwa da na kara a zuba cikin wani asusu na gina gidajen, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a duk wata uku.